Kwanon Mai Takaba

Ni mai jiki ce tun ina yarinya. Haka matan gidanmu suke can wajen Isa: mahaifiyata, ƙannenta, har kakata da ta rasu ba haƙori ko ɗaya a bakinta, amma sai da masu ɗaukar makara suka yi ta canji a hanya. Ba wani abin kirki muke ci ba. Tuwon gero ne da miyar kuka kamar kowa, sai dai mu ko ruwan randa muka sha zama yake yi a jikinmu. Da aka kawo ni Sabon Birni gidan aure na tarar dangin maigidana duk sirara ne kamar karan dawa. Suka yi ta murna wai an kawo musu mai cika ɗaki. Shekara bakwai jikina abin yabo ne a gidan nan. In an yi baƙi sai yayar maigidana, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida, ta nuna ni da baki ta ce, "Ku dubi yadda ƙanena ka kiwon macce."

Ranar kasuwar Bafarawa maigidana ya fita da awaki biyu ɗaure a bayan mashin. Da la'asar aka kawo shi a bayan a-kori-kura tare da wasu. Ba za ni faɗi abin da na gani ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ce an tare hanya. Ya bar ni da ɗiya 'yar wata biyar a goye. Ita kaɗai ta tsaya mana. Biyu da suka riga ta mun binne su tun suna cikin zanen goyo.

Gidan makoki ba ya hura wuta, maƙwabta ke aiko da abinci. A unguwarmu kuma akwai wata al'ada. Bayan manyan kwanukan da ake kai wa maza zaure da waɗanda ake ajiye wa mata a tsakar gida, mai aikowa takan zuba wani ɗan kwano daban, ta rufe, ta ce na mai takaba ne. A nan ake sa tsokar nama in akwai, a nan ake ɗiga man shanu. Manyan kwanuka suna ƙarewa da sadakar bakwai, amma wannan ƙaramin yakan ci gaba da zuwa, yau daga wannan gida gobe daga wancan, har mace ta fita takaba. Al'ada ce mai kyau. Wanda ya fara ta tausayi ya nufa. Abin da bai lura da shi ba shi ne, kwanon yana shiga ɗaki a rufe, amma in zai fito sai ya ratsa ta tsakiyar mata.

Kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Ba niyya na yi ba, mantawa na yi ana cin abinci. Rana ta uku da hantsi ɗiyar ta yi ta tsotso har na ji kamar jijiyar bayana take ja. Aka shigo da tuwon dawa da miyar sure. Na buɗe don in ga ko mene ne, ban san lokacin da na kai ƙasan kwano ba. Ina ci ina kuka. Har suɗewa na yi.

Yaya, haka nake kiran yayar maigidana, ta shigo ta ɗauki kwanon. Ina jin takunta har tsakar gida, sai ƙarar murfi. Can wata tsohuwa ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ciki dai ba ya takaba."

Aka yi irin dariyar da ake yi a gidan mutuwa, ta hanci.

Yaya ta ce, "Mu da munka hito ciki guda da shi, ko ruwa bai wuce muna ba."

Tsakanin ɗakina da inda suke zama zana ce kawai. Ban sani ba ko suna tsammanin zana tana tare magana, ko kuwa sun san ba ta tarewa. Daga ranar nan na zama abin aunawa. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan shi, Allah ya raya abin da ya bari, amma idonta yana kan wuyana, yana kan damtsena, yana kan inda na ɗaura zane. In ta fita sai a tare ta kamar wadda ta dawo daga kallon amarya.

"Yaya kinka gan ta?"

"Tana nan yadda take. Ko ƙwayar gero ba ta rage ba."

"Wagga kahin arba'in sai an buɗa mata ƙohwa."

"Ai mai son mijinta, wuyanta ka hwaɗi, ba bakinta ba."

Suna da wata da suke misali da ita, matar wani mahauci a bayan masallaci. Wai da mijinta ya rasu ta rame har warwaronta yana kai wa hamata, sai da aka riƙa tallabe ta zuwa makewayi. Suna faɗin haka da sha'awa, kamar masu labarin wadda ta sauke Alƙur'ani. Ba wadda ta taɓa cewa me ya sami 'ya'yan matar a lokacin.

Na fara barin rabi. Daga nan sai in yi loma biyu in rufe. Kafin sadakar arba'in na daina buɗewa sam. Na sa wa abin suna azumi, don azumi ba a yi masa tambaya. Duk matan nan sun san mai shayarwa ko na watan Ramalana an ɗauke mata in tana tsoron ɗanta. Wasunsu har Islamiyya suke zuwa da jaka a rataye. Ba wadda ta tuna mini. Sai ma maganar ta juya.

"Baiwar Allah, ko taɓawa ba ta yi ba."

"Yanzu mutuwar tash shige ta."

Shi kuwa kwanon ba ya komawa gidan masu shi da abinci. Yaya takan kai shi gindin bishiyar bedi inda ita da ƙawayenta biyu suke zama, ta ce kada a yi almubazzaranci, abincin sadaka ne. Shekarar nan gonakin nesa ba wanda ya isa ya je girbi, gero ya yi wuya, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Matan da suka hana 'ya'yansu tsokar nama don su sa wa mai takaba, ga inda namansu yake zuwa. Ina jin su suna tauna, suna tsotsar ƙashi, suna jinjina yadda baƙin ciki yake hana mutum ci.

Ni kuwa yunwa ba ta san an yaba mini ba. In an yi azahar gida ya yi tsit, kowa ya shige inuwa, sai in lallaɓa madafa. Akwai ƙanzon da ake jiƙa wa awaki a tsohuwar tukunya. Shi nake ci, a tsaye, da hannu biyu, kunnena yana waje. Ba daɗinsa nake ji ba. In na gama sai tsoro ya kama ni cewa duk abin da na tara ya rushe, sai in zaga bayan makewayi in amayar da shi. In wanke baki, in koma ɗaki, in ɗauki carbi.

Mai takaba ba ta duba madubi, saboda haka da hannu nake gwadawa. Kowace safiya nakan zagaye wuyan hannuna da babban yatsa da na tsakiya in ga ko za su haɗu. Ba su taɓa haɗuwa ba. Wata biyu ina haka. Jiri yana ɗaukata in na miƙe, gashina yana zuba a kan matashi, bakina yana wari, amma jikin yana nan zaune kamar rumbu. Na tsane shi kamar shi ya tare hanya. Nakan kama naman cikina in murɗa har ya yi shaida, in ce masa ba ka da kunya, mutumin da ya ciyar da kai yana ƙasa.

Shi marigayi ba mai cin abinci ba ne. In ya dawo kasuwa yakan zo mini da hoce a aljihu, ya zauna a bakin gado yana cire takalmi, ya ce in ci a gabansa. Wai in ya ga ina ci sai ya ji kamar gonarsa ce ta yi kyau. Na san wannan sarai. Amma shi ya tafi, su kuwa suna nan bayan zana.

Ɗiyar ta yi kuka sosai a farko. Sai ta rage. Sai ta daina. Takan kama nono ta yi ta ja, ta saki, ta yi barci. Matan gindin bedi suka sami wani sabon abin yabo.

"Kun ga ɗiya mai haƙuri. Ta san marainiya ta."

Na yarda da su, don yarda ta fi sauƙi.

Surukata tana nan a gidan, amma ba a jin ta. Hakiya ta rufe mata ido tun kafin a kawo ni. Inna muke ce mata. Shekara bakwai ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ɗaga murya ba, ban taɓa zama kan tabarmarta ba. Haka kunyar suruka take a wurinmu. Tun da aka kawo ɗanta ba ta yi magana mai tsawo da kowa ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, in an gaishe ta ta amsa.

Wata safiya ta kira ni. Ta ce in zo in shayar da ɗiyar kusa da ita. Na durƙusa nesa kaɗan. Ta ce in matso. Na matso, na ba ɗiyar nono. Inna ta sunkuyo da kanta har ɗankwalinta yana taɓa kafaɗata. Ta daɗe a haka.

"Sake mata gudan."

Na sake.

"Tana tsotso," ta ce. "Ba ta haɗiya."

"Inna, tana sha."

"Idona ya mutu, kunnena bai mutu ba. Ɗiya tara na shayar. Na san ƙarar haɗiya."

Ta miƙo hannu na ba ta ɗiyar. Ta shafa maɗigarta, ta laluba cinyoyinta, ta kama fatar ta ja ta saki. A lokacin na ga abin da nake kallo kullum ban gani ba. Fatar cinyar ta yi wa ƙashin yawa, kamar an sa mata wandon wani.

Inna ta ce a kai ta asibiti yau. Yaya ta fito da ludayi a hannu ta ce mai takaba ba ta fita, sai a jira a tambayi malam.

"Malamin da yac ce hakanan," in ji Inna, "ya zo ya ba ta nono."

A asibiti akwai rumfar da ake auna yara masu tamowa. Layi ya yi tsawo, yawanci matan wajen Gatawa ne da aka koro, suna kwana a makaranta. Mata ne da kake iya ƙirga ƙasusuwan bayan hannunsu. Na zauna a tsakiyarsu, ni kaɗai na cinye wurin mutum biyu a benci. Da aka zo kaina ma'aikaciyar ta zagaya wa ɗiyar wani ɗan tef mai launi uku a damtse, ta ja. Ya tsaya kan ja. Ta dubi tef, ta dubi ɗiyar, sannan ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ba ta gaggawa.

"Hajiya, ke ce uwarta?"

Na ce ni ce.

"Waɗannan an kore su daga gidajensu, na san dalilinsu. Ke me ya kore ki? Kin cinye naki kin haɗa da nata?"

Wata a bayana ta ce, "A yi mata a hankali, takaba take."

"Takaba?" Ma'aikaciyar ta sake dubana. "To, Allah ya ba mu irin wannan takabar."

Aka yi dariya. Su ban ga laifinsu ba, mutanen da suka daɗe ba su sami abin dariya ba. Na so in ce wata biyu ke nan ban ci na ƙoshi ya zauna ba. Na dubi damtsena. Wa zai yarda? Ma'aikaciyar ta ba ni ledojin gyaɗar tamowa, ta nuna yadda za ni riƙa ba ta, ta ce in dawo duk mako, ta kuma ce in ji tsoron Allah.

Da na dawo na faɗa wa Inna komai, har da maganar ma'aikaciyar. Ta ce, "Ke yaushe rabonki da ci?"

"Azumi nake, Inna."

"Azumin wane wata?"

Ta ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba, ta kira Yaya ta ce a kawo kwanon yau ɗakinta. An riga an kai shi gindin bedi, an wanke hannu. Aka kawo. Shinkafa da wake ce da mai da yaji. Inna ta ce in hau tabarmarta.

"Inna, ba ni iya ci gabanki."

"Kunyar wa kike ji? Makauniya? Ba ni ganinki ai. Wanke hannu."

Ta kama wuyan hannuna na dama da hannunta na hagu, ta riƙe. In na kai hannu kwano hannunta yana biye, in na kai baki yana biye. Na ɗebi kaɗan a kan yatsu, ta laluba ta ji.

"Wannan na tsuntsu na. Ƙara."

Yaya tana tsaye a ƙofa, ƙawayenta a bayanta. Ta ce, "Inna, wallahi za a yi da mu cikin gari."

"A yi. Ke da baƙin ciki yah hana ma ci, matso in taɓa kumatunki."

Ba ta matso ba.

Da na gama na yunƙura za ni tashi, Inna ba ta saki hannuna ba. Ta ce in zauna nan har la'asar. Da ƙofar ta yi fili sai ta rage murya.

"Na san inda kike zuwa bayan azahar. Ina jin tukunyar awaki, ina jin bayan makewayi."

Na ji kamar an kware mini zane a kasuwa. Sai kuma wani abu ya taso mini wanda ba kunya ba ce. Na ce, "Tun yaushe, Inna?"

"Tun farko."

Babban yatsanta yana kan jijiyar hannuna.

"Na ji, na ƙyale ki. Ina son wani ya rame saboda shi. Ni ba ni da abin ramewa, ƙashi na da fata. Sai nic ce bari ita ta yi. Allah ya gahwarta mani."

A duk mutanen gidan nan da na unguwa, ita kaɗai ta taɓa faɗin abin da take so daga jikina. Ban ce na yafe ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Sauran kwanakin takaba a ɗakinta na ci su. Da farko cikina ya manta aikinsa, abincin yakan dawo da kansa ba tare da na nema ba. Inna takan jira in huta, ta sa a dama kunun gyaɗa, mu sake. Ta sayar da tunkiyarta, ta sa wata Bafillatana daga wajen Kurawa tana kawo nono duk ranar da hanya ta yi kyau. Ba ta lallashi. Ba ta taɓa ce mini ina da kyau ko ba ni da laifi ba. Hannuna kawai take riƙewa har sai kwano ya ƙare.

Ruwan nono ya dawo a na hagu, kaɗan. Na dama bai sake kawowa ba. Bai isa ba, da ledojin asibiti da madarar akuya aka haɗa. Mako bakwai muna zuwa rumfar nan kafin tef ɗin ya bar ja. Da ɗiyar ta kai wata goma sai ta juya kai ta ƙi nonon da kanta, ta gaji da wahalar banza.

Ranar da na fita takaba mata suka cika gida. Na fi yadda na shiga ƙiba, don jikin da aka hana, in ya samu ɓoyewa yake. Ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Kai, takaba ta karɓe ki," suna kallon juna. Har yau a unguwar nan in ana misalin macen da mutuwar miji ba ta dama ba, ni ake kawowa. Ban taɓa gyara musu ba. Ba za ni kwance wa masu tsotsar ƙashi cikina don su auna ba. Ban yafe musu ba, su ma ba su nema ba, don a ganinsu gaisuwar mutuwa kawai suka zo.

Wadda na daɗe ban yafe wa ba ita ce matar da ke tsaye a madafa tana cin abincin awaki. Na zage ta fiye da yadda Yaya ta taɓa zaginta. Yanzu na rage. In na tuna ta nakan ga shekarunta ashirin da shida, an kawo mata miji a bayan mota, aka ce ta nuna shaida, ita kuwa ba ta da abin nunawa sai jikinta. Wauta ta yi, amma ba mugunta ba. Iyakar inda na kai ke nan.

Inna ta rasu da damina ta zagayo. Na koma gidanmu wajen Isa da ɗiyata. Shekararta huɗu yanzu. Ta yi jinkirin tafiya, ta yi jinkirin magana, kuma ita ce ƙarama a cikin sa'o'inta. In suna gudu ita ke zuwa ƙarshe tana haki. Mahaifiyata takan ce jikin dangin ubanta ne ta ɗauko, ba wani abu ba. Na tambayi wata likita ko haka ne, ko kuwa watanni biyun nan ne. Ta ce ba a iya sani. Na daina tambaya. In kazarmu ta yi ƙwai nakan dafa mata guda, in zauna har ta cinye.